Yadda Za Ka Haɗa Shafukan Gidan Yanarka Da Juna Don Masu Nema Su Same Ka A Google

Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga rubutun shirin nan mun kawo muku kamar yadda muka saba.

Maganar yau ta shafi duk mai gidan yanar gizo, ko na ƙungiyar matasa ne, ko na ƙaramar jarida, ko na kasuwanci, ko na malami mai rubuta darussa. Za ka zauna ka yi rubutu mai kyau da Hausa, ka bincika ka tabbatar da komai, amma in mutum ya nemi batun a Google sai ya fara cin karo da shafin wanda ya kwafo rabin magana, ko na ɗan damfarar da ke cewa a turo kuɗi a sayi fom ɗin ɗaukar aiki. Naka kuwa yana can shafi na uku, inda ba mai zuwa. Dalilan haka suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da ke hannunka gaba ɗaya, ba ya cin ko kwabo, kuma yawancin masu gidajen yanar Hausa ba su waiwaye shi ba. Shi ne yadda shafukan cikin gidanka suke haɗe da juna.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna don kada mu rikice. In na ce gida, ina nufin gidan yanar gaba ɗayansa. In na ce shafi, ina nufin rubutu guda ɗaya mai adireshinsa na kansa. Shafin farko da baƙo ke sauka a kai shi ne zaure. Mahaɗi kuma shi ne rubutun nan mai launi da in ka taɓa zai kai ka wani shafin, wanda wasu marubutanmu ke kira rariyar liƙau. Mahaɗin da ya fito daga gidan wani zuwa naka, na waje ne. Wanda ya tashi daga wani shafinka zuwa wani shafinka, na ciki ne, kuma shi ne batunmu.

To me ya sa Google ya damu da mahaɗi? Larry Page da Sergey Brin sun kafa kamfanin a 1998, bayan binciken da suka yi suna ɗalibai a Jami'ar Stanford da ke Amurka. Dabarar da suka zo da ita sunanta PageRank. A sauƙaƙe, kowane mahaɗi kamar shaida ce. Shafin da shafuka da yawa ke nunawa yana da nauyi, kuma shaidar shafi mai nauyi ta fi ta mara nauyi. Sannan kowane shafi yana raba nauyinsa ne tsakanin mahaɗan da ke fita daga cikinsa, don haka shafi mai mahaɗai biyar yana ba kowannensu kaso mafi tsoka fiye da mai mahaɗai ɗari. Daga wancan lokaci zuwa yau Google ya sauya abubuwa da yawa, yana duba alamomi barkatai, kuma tun 2016 ya daina nuna wa jama'a makin PageRank. Amma har yanzu manhajarsa mai yawo a intanet, wadda ake kira Googlebot, ta hanyar bin mahaɗai take gano sababbin shafuka, kuma kalmomin da ke jikin mahaɗi suna taimaka masa ya gane abin da shafin da aka nuna ya ƙunsa. A cikin jagorar da kamfanin ya wallafa wa masu gidajen yana ma ya ce duk shafin da ka damu da shi ya kamata a samu aƙalla wani shafi guda a gidanka da ke nuna shi.

Mahaɗin waje sai wani ya ga dama ya ba ka. Na ciki kuwa kai ne mai iko da shi. Abin da ya rage shi ne ka san wane shafi ne ke bukatar taimako, wane ne kuma ke da ƙarfin da zai bayar. Wannan ba a yin sa da ka-cici-ka-cici. Kowane shafi yana da alƙalumansa, su za su faɗa maka.

Kayan aikin farko shi ne Google Search Console. Kyauta ne. Da can sunansa Webmaster Tools, a 2015 aka sauya masa suna. Za ka yi rajista, ka tabbatar musu cewa gidan naka ne, sai su fara nuna maka yadda shafukanka ke fitowa a bincike. In ka shiga sashen da aka rubuta Performance ka zaɓi Pages, za ka ga kowane shafi da lambobi huɗu: sau nawa ya bayyana a sakamakon bincike, sau nawa aka danna shi, kashi nawa cikin ɗari na bayyanar suka zama dannawa, da kuma matsakaicin matsayinsa a jeri. Bayanan suna komawa baya har wata 16. Ni dai shawarata ka ɗauki na wata uku na ƙarshe, ka sauke su cikin Google Sheets ko Excel.

Daga nan ka shiga sashen Links. A can akwai jeri biyu da muke so: shafukan da suka fi samun mahaɗai daga waje, da shafukan da suka fi samun mahaɗai daga ciki. Su ma ka sauke su. Amma a lura fa, ƙidayar mahaɗan ciki tana haɗawa da na jerin maɓallan da ke sama da ƙasan kowane shafi. Shi ya sa za ka ga shafin “Game da mu” ko “Tuntuɓe mu” ya fi kowa yawan mahaɗai, alhali ba shi mutane ke nema ba. Kada wannan ya ruɗe ka.

Kayan aiki na biyu manhaja ce mai zaga gidanka kamar yadda Googlebot ke yi. Wadda ta fi shahara ita ce Screaming Frog, ta wani kamfani a Ingila. A kwamfuta ake sa ta, kuma ta kyauta tana bin adireshi har 500, wanda ya isa yawancin ƙananan gidaje. Abubuwa uku za ka ɗauko daga wurinta: shafuka nawa ne ke nuna kowane shafi, dannawa nawa ake yi daga zaure kafin a isa gare shi, wato zurfinsa, da kuma mahaɗan da suka mutu. In ba ka da kwamfuta, kada ka ce aikin ya fi ƙarfinka. Bayanan Search Console kaɗai sun isa ka fara, kuma yana buɗewa a waya.

Yanzu ka haɗa komai a tebur guda. Kowane layi shafi ɗaya. A jere ka sa adireshi, yawan bayyana, yawan dannawa, matsayi, mahaɗan ciki, mahaɗan waje, da zurfi. Da zarar ka kammala, shafukanka za su rabu gida huɗu a gabanka.

Na farko, shafukan da ke bakin ƙofa. Su ne waɗanda suke bayyana da yawa amma matsayinsu yana tsakanin kamar na 8 zuwa na 20. Tunda shafin farko na Google kusan sakamako goma yake ɗauka, waɗannan suna ƙarshen na farko ne ko cikin na biyu. Ma'ana Google ya riga ya yarda sun dace da abin da ake nema, ɗan turi suke bukata. In ka duba ka ga mahaɗan ciki biyu ko uku kacal ke nuna irin wannan shafi, to ka samu wurin fara aiki. Sai dai ka tuna cewa matsayin nan matsakaici ne. Shafi zai iya zama na 3 a wata kalma, na 40 a wata, sai lissafi ya ba ka lambar da ba ta nuna ko ɗaya daga cikinsu. Don haka ka danna shafin, ka koma jerin Queries, ka ga ainihin kalmomin da mutane suka rubuta da matsayinsa a kowace.

Na biyu, shafuka masu ƙarfi. Su ne waɗanda wasu gidaje suka nuna da yawa, ko waɗanda suke jan baƙi kullum. Galibi zaure yana cikinsu, sai kuma wani tsohon rubutu da ya taɓa yaɗuwa. Sau da yawa za ka tarar irin wannan rubutu ba ya nuna komai. Mutum ya shigo, ya karanta, ya fita, nauyin da shafin ya tara bai amfani 'yan uwansa ba.

Na uku, marayu. Shafi ne da aka wallafa amma babu wani shafi a gidan da ke nuna shi. Hanyar gano su mai sauƙi ce. Ka ɗauko cikakken jerin shafukanka daga taswirar gida, wato fayil ɗin da ke lissafa adireshinka duka, wanda WordPress ke samarwa da kansa tun fitowar sigarsa ta 5.5 a 2020. Ka gwada shi da jerin da manhajar zagaye ta gano. Duk wanda ke cikin taswira amma manhaja ba ta iske shi ba, maraya ne. Taswira tana iya sanar da Google cewa shafin yana nan, amma ba ta ba shi nauyin da mahaɗi ke bayarwa.

Na huɗu, waɗanda suka nutse. Wannan ya fi damun gidajen da ke jera rubutu bisa kwanan wata. Kowane sabon rubutu yana tura tsoho baya, har rubutu mai muhimmanci ya kai sai an danna “na baya” sau goma kafin a same shi. Masu wannan sana'a sun saba cewa shafi mai muhimmanci kada ya wuce dannawa uku daga zaure. Ba doka ba ce daga Google, ma'auni ne na aiki, kuma yana da amfani.

Bari mu ɗauki misali don a gane. A ce ƙungiyarku tana da gida mai rubutu kan wayar da kan masu zaɓe. Lambobin da zan faɗa na misali ne kawai. Kuna da tsohon rubutu kan yadda ake rajistar katin zaɓe a hukumar INEC. Ya yaɗu, jaridu biyu sun nuna shi, yana matsayi na 3. Kuna da wani kan yadda mutum zai sauya rumfar zaɓensa in ya ƙaura zuwa wani gari. Wannan ya bayyana sau 4,000 a wata uku, an danna shi sau 40, yana matsayi na 13, kuma mahaɗin ciki ɗaya ne ke nuna shi. Akwai na uku kan yadda ake neman sabon kati in na hannu ya ɓata, shi kuma maraya ne. Teburin ya gama faɗa maka aikin. Ka buɗe rubutun rajista, ka nemi sakin layin da ya yi maganar adireshin mai rajista, ka ƙara jimla ɗaya mai mahaɗi zuwa rubutun sauya rumfa. A inda ya yi maganar karɓar kati da adana shi, ka sa mahaɗi zuwa na katin da ya ɓata. Sannan waɗannan biyun su nuna juna, su kuma nuna na farko. Ka ga ko an ajiye maganar Google a gefe, ɗalibar da ta dawo gida daga makaranta tana son ta yi zaɓe a unguwarsu ta samu amsarta ba tare da ta fita ta faɗa hannun mai labarin ƙarya ba.

Ta yaya za ka gano shafukan da suka dace su ba da mahaɗi? Akwai dabara ta kyauta. Ka shiga Google ka rubuta site: ka manna adireshin gidanka ba tare da tazara ba, sannan ka ba da tazara ka rubuta kalmar, misali rumfar zaɓe. Zai kawo maka shafukan gidanka da suka ambaci maganar. A cikinsu ka zaɓi waɗanda teburinka ya nuna suna da ƙarfi. Sharaɗin dai shi ne dacewa. Rubutun girkin dambun nama ba shi da haɗi da katin zaɓe, komai ƙarfinsa. Ka tambayi kanka: wanda ke karanta wannan layin, zai so ya san wancan batun a daidai nan? In amsar a'a ce, bar shi.

Sai kalmomin jikin mahaɗi, kuma a nan ne yawancin gidajen yanarmu ke asara. Ko'ina ka duba “danna nan”, “karanta nan”, “ƙarin bayani”. Waɗannan ba sa gaya wa mai karatu komai, ba sa gaya wa Google komai. Ka sa mahaɗin a kan kalmomin da ke bayyana shafin, kamar “yadda ake sauya rumfar zaɓe”. Kuma kada ka maimaita jimla ɗaya tak a wuri ashirin kamar an buga hatimi. A wani wurin ka ce “in ka ƙaura zuwa wani gari”, a wani ka ce “mayar da rajistarka kusa da gida”. Jerin Queries ɗin nan zai nuna maka yadda mutane ke faɗin abin da bakinsu, sai ka ara daga nan.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu masu Hausa musamman. Yawancin mutane a waya ba sa sa haruffa masu ƙugiya. Za su rubuta zabe maimakon zaɓe, kasa maimakon ƙasa, kuma sukan cakuɗa da Turanci, su rubuta PVC maimakon katin zaɓe. In ka duba teburinka za ka iya ganin batu ɗaya ya rabu layi biyu ko uku saboda bambancin rubutu. Ka haɗa su a lissafi kafin ka yanke hukuncin cewa ba a neman batun. A rubutunka dai ka rubuta Hausa daidai, amma ba laifi ka ambaci sunan da mutane suka saba da shi sau ɗaya, kamar ka ce katin zaɓe da aka fi sani da PVC.

Wani abin da teburin zai tona shi ne shafuka masu kishi da juna. In ka danna kalma ɗaya a Search Console ka ga shafukanka biyu ko uku suna fitowa a kanta, yau wannan gobe wancan, to kana raba ƙarfinka ne. Ka zaɓi wanda ya fi cika, ka mayar da mahaɗan ciki su nuna shi. In ɗayan maimaici ne kawai, ka haɗe su wuri ɗaya, ka sa tsohon adireshin ya riƙa tura baƙo zuwa sabon da turawa ta dindindin, wadda lambarta 301. Haka nan mahaɗan da ke kai mutum shafin da babu shi, masu nuna 404, ka gyara su ko ka cire su. Mutumin da ya sayi data da kuɗin guminsa ya danna ya tarar da kango, da wuya ya sake dawowa.

Kada kuma a manta da waya. Google yanzu yadda gidanka yake a waya yake dubawa wajen tantance shi. Wasu tsare-tsaren gida suna cire akwatin gefe gaba ɗaya a waya. In a can ka zuba mahaɗanka, za su iya ɓacewa daga abin da Google ke gani, kuma masu karatunka, waɗanda galibinsu da waya suke shigowa, ba za su gan su ba. Shi ya sa mahaɗin da ke cikin jikin rubutu ya fi aminci. Bayan ka gama gyara, ka ɗauki wayarka ka buɗe shafin ka gani da idonka.

To, ka yi gyara, ta yaya za ka san ya yi aiki? Ka rubuta ranar da ka yi shi a gefen teburin. Ka fara da shafuka biyar zuwa goma, ka bar wasu makamantansu ba ka taɓa ba, don ka samu abin gwadawa. Kada kuma ka sauya take da jikin rubutun a rana ɗaya da mahaɗai, in ba haka ba ba za ka san wanne ya kawo canjin ba. Ka ba shi makonni huɗu zuwa shida, domin sai Googlebot ya sake zagayowa ya ga sabon mahaɗin, kuma ƙaramin gida ba kullum ake leƙa shi ba. Sannan ka yi amfani da maɓallin kwatanta kwanaki a Search Console, ka gwada kwana 28 kafin gyara da kwana 28 bayansa. Matsayi za ka fi sa wa ido, saboda yawan nema yana bin lokaci. Maganar JAMB tana tashi lokacin rajista da fitowar sakamako, ta azumi tana tashi gab da Ramadan, ta zaɓe tana tashi in an buɗe rajista. In baƙi sun ƙaru a irin wannan lokaci, zai yiwu kakar abin ce ta zo. In shafukan da ka gyara sun hau, waɗanda ka bari suna nan inda suke, to a nan ne za ka iya cewa mahaɗan sun taka rawa.

Ina so in faɗi iyakar wannan aiki, don kada wani ya ji kamar na ba shi laya. Mahaɗin ciki ba ya ceton rubutun da ba shi da amfani. In shafinka layi biyar ne da aka kwafo daga wani wuri, ko ka nuna shi daga shafi ɗari ba inda za shi. Haka kuma cika kowane sakin layi da mahaɗai yana gajiyar da mai karatu, yana kuma rage darajar kowannensu. Duk wanda ya zo maka a akwatin saƙo yana cewa ka biya shi ya kai ka lamba ɗaya cikin mako guda, ka riƙe kuɗinka. Google da kansa ya ce babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya.

Dalilin da ya sa na kawo wannan batu a shirin da ya saba maganar matasa da al'umma shi ne, rubutun Hausa mai inganci a intanet bai kai yawan masu bukatarsa ba, kuma ɗan abin da muke da shi ma yana warwatse. Bayani kan tallafin karatu, kan lafiya, kan haƙƙin ɗan ƙasa, an rubuta shi, amma yana kwance a shafin da ba hanyar zuwa. Ku dubi Wikipedia, har da ta Hausa, yadda kowace maƙala ke miƙa ka ga wata. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Shafukanku ma sai kun yi musu hanyar ziyartar juna.

Aikin gida na wannan mako ga shi. Ku buɗe Search Console, ku fitar da shafuka uku masu yawan bayyana da ke tsakanin matsayi na 8 da na 20. Kowanne ku nemo masa shafuka biyu ko uku masu ƙarfi da suka dace da batunsa, ku sa mahaɗi a cikin jikin rubutu da kalmomi masu ma'ana, ku rubuta kwanan wata. Bayan wata guda ku dawo ku faɗa mana abin da kuka gani, ko ya hau ko bai hau ba, duka darasi ne a gare mu. Wanda ya san wata ƙungiya ko makaranta mai gidan yana, ya tura musu wannan rubutu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.